Intel ko AMD: Wace furosesa ce ta fi dacewa da wasannin kwamfuta? Darasi daga birnin Riyad

Idan aka ambaci ƙasar Saudiyya a gaban Bahaushe, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne Makka da Madina, sai kuma Jidda inda jiragen alhazai ke sauka. Ba kasafai ake tuna Riyad ba, duk da cewa ita ce babban birnin ƙasar. To amma a wajen matasan duniya masu buga wasannin kwamfuta, wato abin da yaranmu ke kira gem, sunan wannan birni ya zama abin ambato a 'yan shekarun nan. Daga ranar 3 ga Yuli zuwa 25 ga Agustan 2024, lokacin da muke tsakiyar damina a nan gida su kuma suke tsakiyar zafi, an gudanar da gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta karo na farko a dandalin Boulevard City da ke unguwar Hittin a arewacin birnin. An kara a wasanni sama da 20, an kuma raba kyautar kuɗi da ta haura dala miliyan 60. A shekarar 2025 aka sake yi, kyautar ta haura dala miliyan 70. A duka karon biyu, ƙungiyar Team Falcons ta 'yan gida ce ta zo ta ɗaya a jerin ƙungiyoyi, inda ta tafi da dala miliyan 7 a kowane karo.

Duk inda kuɗi irin wannan ya shiga, to wasa ya tashi daga wasa, ya zama sana'a. Kowace sana'a kuwa tana da kayan aikinta. A wasanni irin su Counter-Strike 2 da Dota 2 da Valorant, kayan aikin shi ne kwamfutar kan tebur, kuma a cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wanda a kansa ake tafka muhawara daga shagunan titin Olaya a Riyad har zuwa na titin Beirut a Kano. Wannan ɗan ƙarfe shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwarta, Intel da AMD. Tambayar ita ce, wa ya fi wani a fagen wasa? Kuma mutumin da ya tara kuɗinsa da gumi, ko ɗalibi ne a Jami'ar Sarki Sa'ud, ko ma'aikaci ne da zai yi wa ƙanensa tsaraba, ko matashin da ke son buɗe gidan gem a Zariya ko Maraɗi, wacce ya kamata ya saya?

Yadda Riyad ta shiga harkar

Abin bai faro a rana ɗaya ba. Tun a 2018 wani matashi ɗan Saudiyya, Musa'id Aldossary, ya lashe kofin duniya na wasan ƙwallon FIFA a birnin Landan. A 2022 aka fara bikin Gamers8 a Riyad da kyautar dala miliyan 15, a 2023 ta koma miliyan 45. A watan Satumbar 2022 ne Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da tsarin ƙasa na bunƙasa wannan harka, da burin samar da guraben aiki 39,000 da kuma ƙara Riyal biliyan 50 a tattalin arzikin ƙasar kafin 2030. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Savvy, mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ya saye kamfanonin ESL da FACEIT a kan dala biliyan 1.5.

Wani abin lura shi ne, ESL ɗin nan shi ke shirya gasar Intel Extreme Masters, wadda ke ɗauke da sunan Intel tun 2006. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Mayun 2025 shugabar AMD, Dokta Lisa Su, ta je Riyad, inda aka sanar da yarjejeniyar dala biliyan 10 tsakanin kamfaninta da kamfanin Humain na Saudiyya a kan fasahar ƙirƙirarriyar basira. Ke nan duk abokan hamayyar biyu suna da ƙafa a birnin.

Mene ne aikin furosesa a cikin wasa?

Abin da mai wasa ke gani a allo ba hoto mai motsi ba ne na gaskiya, jerin hotuna ne a tsaye da ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Abubuwa biyu ke haɗuwa su samar da kowane hoto. Furosesa ita ke lissafin inda kowane ɗan wasa yake, inda harsashi ko ƙwallo ta nufa, abin da ka danna, da saƙon da ya shigo ta intanet. Idan ta gama sai ta miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana ya tura allo. Kamar shanun huɗa biyu ne a garma ɗaya. Kome ƙarfin ɗaya, garma ba za ta wuce saurin raggon cikinsu ba.

Ana auna wannan aiki da yawan hotunan da aka fitar a daƙiƙa guda. Idan hoto 60 ake so, furosesa na da milisakan 16.7 ta gama lissafin kowanne. Idan 144 ne, lokacin ya ragu zuwa 6.9. Idan 240 ne, 4.2. Idan kuwa 360 ne, irin allon da ƙwararru ke so, milisakan 2.8 kacal gare ta. Wanda allonsa ya riga nuna masa abokin gaba ya leƙo daga bayan bango, shi zai riga harbi. Shi ya sa abin da ni da kai za mu ɗauka ƙaramin bambanci ne, a wajen mai neman kyautar dubban daloli shi ne tsakanin ci da faɗuwa.

Abubuwa huɗu ne ke sa wata furosesa ta fi wata. Mu ɗauke ta a matsayin shagon ɗinki. Na farko, yawan cibiyoyinta, wato yawan telolin da ke shagon. Na biyu, gudunta da ake aunawa da gigahaz, wato saurin taka keke. Na uku, yawan aikin da take gamawa a kowane taku, wato ƙwarewar telan. Na huɗu kuma shi ne 'yar ma'adanar da ke jikinta, wadda masu sana'ar ke kira kash, mu kuma za mu kira ta rumbun kusa. Wannan ita ce durowar da tela ke ajiye zare da maɓalli a gefensa. Idan durowar ƙarama ce, dole kowane lokaci ya tashi ya je kanti, kantin nan kuwa shi ne ram, wanda zuwa cikinsa ke cin lokaci ninkin-ba-ninkin. Mai karatu ya riƙe wannan na huɗun, domin a kansa labarin ya juya.

Tsohuwar gaba

Robert Noyce da Gordon Moore ne suka kafa Intel a 1968, Jerry Sanders da abokansa kuma suka kafa AMD a 1969. Dukansu tsofaffin ma'aikatan kamfanin Fairchild ne, kuma hedikwatar kamfanonin biyu na garin Santa Clara a jihar Kalifoniya ta Amurka. Zaman 'yan marina ke nan, kowa da inda ya sa gaba.

Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet na farko a Kano da Kaduna za su tuna lokacin da tambayar kawai ita ce: Pentium nawa ce? A watan Maris na 2000, AMD ta riga Intel kai wa gudun gigahaz ɗaya da furosesarta Athlon, da tazarar kwana biyu. Intel ta mayar da martani da Pentium 4, wadda aka ƙera don ta riƙa ƙara gudu. Amma a 2003 Athlon 64 3200+ mai gudun gigahaz 2 ta riƙa kafaɗa da kafaɗa da Pentium 4 mai gigahaz 3.2 a wasanni, har tana wuce ta. Zafi ya hana Pentium 4 wuce gigahaz 3.8, kuma a 2004 Intel ta soke shirin fitar da mai gigahaz 4. Darasin da aka koya tun wancan lokaci shi ne, lambar gigahaz ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A watan Yulin 2006 Intel ta dawo da ƙarfinta da Core 2 Duo, ta kuma riƙe kambun fiye da shekara 10. Furosesar FX da AMD ta fitar a 2011 ta yi taƙama da cibiya takwas, amma Core i5-2500K mai cibiya huɗu ta riƙa kayar da ita a wasanni. Wannan shi ne darasi na biyu: yawan cibiyoyi ma ba shi ne ba. Lisa Su ta karɓi shugabancin AMD a Oktoban 2014 lokacin kamfanin na cikin mawuyacin hali. A Maris na 2017 aka fitar da Ryzen, a Nuwamban 2020 kuma jerin Ryzen 5000 suka kamo Intel a fagen wasa. Intel ta sake yunƙurowa a Nuwamban 2021 da zubi na 12, inda ta raba cibiyoyi gida biyu, manya masu aikin ƙarfi da ƙanana masu tattalin wuta.

Sai a watan Afrilun 2022 AMD ta zo da wata dabara. Furosesarta mai cibiya takwas tana da rumbun kusa na megabayit 32. Sai aka ɗora mata ƙarin 64 a kai kamar bene, ya zama 96, aka sa mata suna Ryzen 7 5800X3D. Gudunta bai kai na 'yar uwarta mara ƙarin ba, amma a wasanni ta tsere mata nesa ba kusa ba, domin telan ya daina yawan zuwa kanti.

Manyan zakaru a sikeli

Bari mu jera manyan da aka fi gwadawa. Core i9-14900K ta Intel ta fito a Oktoban 2023 a kan dala 589. Tana da cibiya 24, manya 8 da ƙanana 16, gudunta na kai wa gigahaz 6, rumbun kusa megabayit 36, kuma an ba ta damar jan wuta har wat 253. Ryzen 7 7800X3D ta AMD ta fito a Afrilun 2023 a kan dala 449, da cibiya 8, gudun gigahaz 5, rumbun kusa megabayit 96, da ma'aunin wuta wat 120. A takarda kowa zai ce ta Intel ta yi nisa. Amma gwaje-gwajen masu zaman kansu irin su Gamers Nexus da Hardware Unboxed da TechPowerUp sun nuna cewa idan aka tattara wasanni da yawa, ta AMD ce ke gaba da 'yar tazara, kuma tana yin haka ne da wutar da ba ta kai rabin ta abokiyar karawarta ba.

A ranar 24 ga Oktoban 2024 Intel ta fitar da Core Ultra 9 285K, ita ma a kan dala 589, da cibiya 24 da gudun gigahaz 5.7. Ta fi 14900K sanyi da tattalin wuta, amma a wasanni da dama ba ta kai ta ba, abin da ba a saba gani ba a sabon ƙira. Mako biyu bayan haka, ranar 7 ga Nuwamba, AMD ta fitar da Ryzen 7 9800X3D a kan dala 479. A wannan karon an mayar da ƙarin rumbun ƙarƙashin cibiyoyi maimakon samansu, don zafi ya riƙa fita kai tsaye zuwa fanka, sai gudunta ya kai gigahaz 5.2. AMD ta ce ta fi 7800X3D da kimanin kashi 8 cikin 100, ta fi 285K da kimanin kashi 20, kuma masu gwaji na waje ba su ƙaryata ta ba. An yi watanni ana wawasonta a shaguna, ana sayar da ita sama da farashinta. A Janairun 2026 aka fitar da 9850X3D, wadda kusan ita ce dai, sai dai an ƙara mata gudu zuwa gigahaz 5.6.

Ke nan a tsakanin waɗannan da muka jera, idan wasa zalla ake magana, masu alamar X3D ne a gaba. Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. A aikin da ke cin cibiyoyi da yawa a lokaci guda, kamar tace fim ko haɗa zanen gini, 285K da 14900K sun yi wa mai cibiya takwas fintinkau. Mai tace finafinai a Kano ba buƙatarsa ɗaya da mai buga Counter-Strike ba. Wanda ke son ya haɗa biyun a wajen AMD sai ya nemi 9950X3D mai cibiya 16, wadda ta fito a Maris na 2025 a kan dala 699.

Kada jadawali ya ruɗe ka

A nan ne masu saye da yawa ke asarar kuɗinsu. Masu gwaji kan haɗa furosesa da katin hoto mafi ƙarfi a duniya, sannan su rage girman hoto zuwa 1080p, da gangan, don kada katin ya zama raggon sa, a ga iyakar ƙarfin furosesar. Hoton 1080p na da ɗigo 2,073,600. Na 4K na da 8,294,400, ninki huɗu ke nan. Da zarar ka koma 4K, nauyi ya koma kan katin hoto, sai ka ga tazarar da ta kai kashi 20 ta dawo 'yar kaɗan, wani lokaci ma ta ɓace. Haka nan idan katinka matsakaici ne.

Sannan akwai allo. Idan allonka hoto 60 kawai yake iya nunawa a daƙiƙa, to furosesar da ke fitar da 400 da mai fitar da 250 kusan duk ɗaya suke a idonka. Wanda ya sayi 9800X3D ya jona ta da tsohon allon ofis, ya sayi dokin sukuwa ne ya ɗaura masa amalanke.

Abu na uku, kada a dubi matsakaicin adadi shi kaɗai. Masu gwaji na kirki kan kawo wata lamba ta biyu, wato yadda kashi ɗaya cikin 100 na hotuna mafiya jinkiri suka kasance. Wannan ce ke nuna ko wasa zai riƙa sarƙewa a daidai lokacin da gurneti ya fashe ko 'yan wasa suka cunkushe wuri guda. Gara 140 mai tafiya sumul da 200 mai tuntuɓe. A nan ma babban rumbun kusa na taimakawa ƙwarai.

Na huɗu, wasa ya bambanta da wasa. Masu taron jama'a da lissafi mai yawa, irin su PUBG da wasannin tuƙin jirgi da na gina birane, su suka fi cin moriyar X3D. Wasan ƙwallo na EA FC, wanda shi ne abincin gidajen gem ɗinmu, ba ya buƙatar furosesa mai tsada ko kaɗan.

Abin da ya faru a 2024

Gudu ba shi ne komai ba, akwai lafiya. Tun farkon 2024 masu wasa suka riƙa kukan cewa kwamfutocinsu masu Core i9 da i7 na zubi na 13 da na 14 suna tsayawa cak a tsakiyar wasa. A watan Yuli Intel ta amsa cewa wani kuskure a umarnin da ke cikin furosesar yana sa ta nemi ƙarfin wutar da ya wuce kima, abin da ke tsufar da ita kafin lokaci. Ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta, da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara wa'adin garanti daga shekara uku zuwa biyar. Sai dai gyaran rigakafi ne kawai. Wadda ta riga ta lalace ba ta warkewa, sai dai a sauya ta.

Ita ma AMD ba ta tsira ba. A Afrilun 2023 an samu 7800X3D da suka ƙone a mazauninsu saboda wasu allunan uwa, wato madabod, suna ba su wuta fiye da kima, har sai da aka ƙayyade ta zuwa bolt 1.3.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kasuwarmu ta kayan gwanjo ce. Furosesar da aka gasa a wata ƙasa tana iya ƙarewa a teburin mai saye a Kano ko Legas, ba rasit ba garanti, kuma ido ba ya gane ta. Duk wanda zai sayi i7 ko i9 na zubi na 13 ko 14 na hannu, ya san cewa caca yake yi. Idan sabuwa ce, abu na farko shi ne a sabunta manhajar madabod kafin a fara wasa.

Zafi da ƙura da wuta

Riyad da Sakkwato sun yi tarayya a abu biyu: zafi da ƙura. A watan Yuli zafin Riyad kan kai digiri 43 ko fiye, iska kuma na kwaso rairayi daga hamada. Yawancin gwaje-gwajen da ake karantawa an yi su ne a ɗakuna masu sanyi a Turai da Amurka. Kowace furosesa na da iyakar zafin da za ta ɗauka: 14900K digiri 100, 9800X3D digiri 95, 7800X3D digiri 89. Idan ta kai nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Fanka kuwa da iskar ɗaki take aiki. Idan ɗakin ya ƙaru da digiri 15, furosesar ma kusan haka za ta ƙaru.

Bambancin shi ne, mutumin Riyad na da iyakwandishan da ba ya mutuwa, da wuta mai araha. A tsarin da aka fara a 2018, gidaje na biyan halala 18 a kowane yunit har zuwa yunit 6,000 a wata. A Najeriya kuwa, a Afrilun 2024 aka mayar da yunit Naira 225 ga masu rukunin Band A. Mu yi lissafi. A ce mai gidan gem na da kwamfuta 10, kowacce na aiki awa 10 a rana, kuma furosesar da ya zaɓa ta fi wata jan wuta da wat 100. A wata guda ƙarin yunit 300 ke nan. A wancan farashi na Riyad Riyal 54 ne. A namu na Afrilun 2024 kuwa Naira 67,500 ne, kafin a zo maganar man janareto ko ƙarin batiran sola, da kuma zafin da zai cika shagon. Abin da mutumin Olaya ba zai ko lura da shi ba, shi ne zai iya cinye ribar mutumin Fagge.

A kasuwar Olaya

Wanda ya samu kansa a Riyad, wurin da aka fi sani da kayan kwamfuta shi ne jerin shagunan unguwar Olaya, yankin da dogayen benayen Mamlaka da Faisaliyya suke. Akwai kuma manyan kantuna irin su Jarir, sai Batha, tsohuwar kasuwar da baƙi 'yan ci-rani suka fi zuwa. Layin shuɗi na jirgin ƙasan birnin, wanda aka buɗe a Disambar 2024, ya bi ta Olaya har Batha, don haka zagaya farashi ba wuya.

Lissafin kuɗin ma mai sauƙi ne, tunda tun 1986 aka ɗaure Riyal a kan 3.75 a dala ɗaya, kuma tun Yulin 2020 harajin kaya kashi 15 cikin 100 ne. Furosesar dala 479 za ta kama kimanin Riyal 1,796, da haraji 2,066. Ta dala 589 za ta kama kimanin 2,540. Ryzen 5 7600 mai cibiya shida, wadda ta fito a Janairun 2023 a kan dala 229, kimanin 988. Waɗannan farashin ranar fitowa ne, kasuwa kan hau ta sauka, amma sun isa ma'auni. Wanda aka yi wa tayin rabin haka ya yi hattara, araha ba ta ado. A 2024 da 2025 an bankaɗo jabun X3D a Turai, wata ma murfi ne kawai ba komai a ciki. A karɓi ta cikin kwali mai hatimi, a karɓi rasit, a tambayi ko garantin na aiki a wajen ƙasar, in da hali a ɗora ta a gabanka a duba ta da manhajar CPU-Z wadda kyauta ce.

Kada kuma a manta furosesa ba ta tafiya ita kaɗai. Kowacce da mazauninta. Mazaunin AM4 na AMD ya fito a 2016 kuma an yi shekaru ana ƙera masa sababbi. AM5 ya fito a Satumbar 2022, yana aiki da ram samfurin DDR5 kawai, kuma AMD ta yi alkawarin riƙe shi har 2027 ko fiye. Mazaunin LGA1700 na Intel ya ɗauki zubi na 12 da 13 da 14, akwai madabod ɗinsa masu DDR4 da masu DDR5. Core Ultra kuwa sabon mazauni take buƙata, LGA1851. Wannan batu ya ƙara nauyi tun ƙarshen 2025, lokacin da farashin ram ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe kasuwa. Don haka a haɗa kuɗin ukun, furosesa da madabod da ram, kafin a yanke hukunci.

Haruffan ƙarshen suna ma na da ma'ana. A wajen Intel, K na nufin ana iya ƙara mata gudu, F kuma na nufin ba ta fitar da hoto sai da kati. A wajen AMD, G na nufin tana da sashen hoto mai ɗan ƙarfi a jikinta, kamar 5600G da 8600G, waɗanda za su riƙe mutum a ƙananan wasanni kafin ya samu kuɗin kati.

To wa zai sayi me?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Matashin da ke da burin gasa, yana da allo mai fitar da hoto 240 ko fiye da kati mai ƙarfi, shi ne mutumin 9800X3D, ko 7800X3D idan ya same ta da sauƙi. Wanda rabin aikinsa tace bidiyo ne, wasa kuma na dare, Core Ultra 7 ko 9, ko Ryzen 9, sun fi yi masa amfani. Mai matsakaicin ƙarfi ya nemi cibiya shida irin su Ryzen 5 7600 ko 9600X, ko Core i5, ya zuba ragowar kuɗin a katin hoto, domin a nan zai ga bambanci da idonsa. Wanda ke da tsohuwar madabod ta AM4, idan ya samu 5700X3D ko 5800X3D mai lafiya, zai sabunta kwamfutarsa ba tare da ya zubar da ram ɗinsa ba. Mai gidan gem kuwa, Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, duka 'yan 2022 masu ma'aunin wat 65, za su ɗauki wasannin da yara ke biya don su buga, ba tare da sun durƙusar da janareto ba.

A ƙarshe, yana da kyau a tuna cewa a gasar Counter-Strike 2 ta Riyad a 2025, ƙungiyar The MongolZ daga ƙasar Mongoliya ce ta ɗauki kofi, ƙasar da mutanenta ba su kai na birnin Kano yawa ba. A kan dandamalin gasa kowa irin kwamfuta ɗaya ake ba shi, abin da ya rage sai hannu da ido da haɗin kai. Shekara 25 na wannan hamayya sun nuna kambu na yawo, yau Intel gobe AMD, don haka mai saye ba shi da dalilin zama ɗan jam'iyyar kowa. Ya dubi wasan da zai buga, allon da yake da shi, wutar unguwarsu da nauyin aljihunsa, sannan ya shiga shago.